Iskar Bayan Jirgin Alhazai

Shekara goma sha ɗaya na yi ina korar tsuntsaye da shanu a filin jirgin sama na Garwa. Aikina ke nan, ba zan shafa masa mai ba. A takarda an rubuta wani dogon suna da Faransanci, amma abin da nake yi shi ne in yanke ciyawa, in ta bushe in cinna mata wuta, in kori balbela da shirwa daga bakin titin da jirgi ke sauka. In kuma wani makiyayi ya bar garkensa ya keto wayar shinge, in bi shanun da jar tuta ina ihu. Riga mai ruwan ƙasa, takalmin roba, da tutar, su ne kayan aikina. Wurin tsayuwata can farkon titin ne, inda babu inuwa, babu mai ganinka sai Allah.

Mahaifinmu mahauci ne a unguwar Rumde Ajiya. Mu biyu ne maza. Ina aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, ya cire ni, ya ce hannu yake nema a mayanka, ba alƙalami ba. Da ƙanena ya kai inda aka cire ni, sai aka ce a'a, wannan kansa na ja, a bar shi. Har yau ban san wanda ya auna nawa kan ya ga ba ya ja ba. Karatun da na samu ya ishe ni in karanta abin da aka rubuta a ƙofar ofis, in gane ba ni ake so in shiga ba. Da na girma na gudu daga ƙarnin jini, na faɗa ciyawa. Ƙanena kuwa ya wuce gaba, wani kamfanin auduga ya ɗauke shi ya tura shi koyon tuƙin jirgi, ya dawo da farar riga mai zane a kafaɗa.

Jirginsa ɗan ƙarami ne, kujera huɗu, farfela ɗaya a hanci. Mutum biyu suna iya tura shi. Yana kai Turawan kamfani duba gonaki, yau Gidar, gobe Ngong, jibi Marwa. Duk saukarsa ta kaina take wucewa. Wani lokaci yakan ɗan karkata fiffike ya gaishe ni. Ba na ɗaga hannu. Amma ina bin sa da ido har tayarsa ta taɓa ƙasa, sannan in sunkuya in ci gaba da aikina. Abin da zan faɗa a nan labarin ranar da na ga yaron nan zai mutu a gabana ne, da abin da na yi.

A zamanin shugaban ƙasa ɗan garin nan ne, shi ya sa aka ja titin jirginmu aka faɗaɗa shi, manyan jirage masu inji huɗu suka fara sauka. Filin da a da mutum kan yi gyangyaɗi tsakanin jirgi da jirgi ya koma kasuwa. Wannan na sauka, wancan na jira a sama, ga na soja, ga na kaya, ga ƙananan na kamfanoni suna kutsawa tsakani kamar awaki cikin shanu.

Wata safiya na ƙona ciyawa a gefen titi. Babu iska, hayaƙi ya kwanta a sararin wurin. Babban jirgi ya zo ya wuce ta kaina, ƙara ta cika mini kunne, ya sauka, ya yi nisa, har ƙarar ta mutu. Na sunkuya zan ɗauki lauje ke nan sai na ji kamar ana yaga sabon yadi a sama. Hulata ta tashi. Na ɗaga kai, na ga hayaƙin ya rabu biyu ya naɗe, kamar tabarmi biyu da ake naɗewa, ɗaya na juyawa dama, ɗaya hagu, suna saukowa a hankali. Wata shirwa da ta zo farautar fara a gefen wutar ta shiga ciki. Wallahi cikinta na gani a sama. Ta faɗo kamar tsumma, saura ƙiris ta bugi ƙasa kafin ta samu kanta.

Abokin aikina wani Kirista ne daga duwatsun bayan Gidar, Hausarsa ta kasuwa ce amma bakinsa ba ya gajiya. Na ba shi labari, ya ce, "Ɗan mahauci, wannan aljanin jirgi ne. Babban mutum ba ya tafiya shi kaɗai."

Na ce, "Wane irin aljani ne zai riƙa zuwa kullum wuri ɗaya, a kan lokaci, kamar ma'aikacin gwamnati?"

Ya ce, "To wa ya gaya maka ba ma'aikaci ba ne? Ka ga takardarsa?"

Daga ranar na kasa barin abin. Duk babban jirgin da ya sauka sai in tsaya in kalli ciyawa. Ba ni da agogo, carbi nake ja. Na gane in ana iska mai ƙarfi abin ba ya daɗewa, iskar kan wargaza shi. In gari ya yi tsit kuwa, sai na zagaya carbi mai casa'in da tara sau biyu, wani lokaci sau uku, kafin ciyawa ta daina rawa. Mafi muni shi ne in wata 'yar iska maras ƙarfi na hurowa daga gefe. Sai ta kori naɗi ɗaya zuwa daji, ɗayan kuma ta tokare shi ya tsaya cak a kan titin, yana juyi a wuri ɗaya, ba ka ganinsa. Na kuma lura abin yana ƙarewa ne daidai baƙin tabon da manyan tayoyi ke bari inda suka fara taɓa ƙasa. Gaba da tabon nan, ciyawa ko motsi ba ta yi.

Na daɗe ina juya maganar kafin in je wurin ƙanena, don ba na son in je masa da komai. Na same shi a rumfar ƙananan jirage yana duba mai. Komanda nake kiransa, ba don girmamawa ba, ya kuma sani. Shi Hamma yake ce mini, yadda ake kiran yaya a nan.

Na gaya masa abin da na gani, har da shirwar. Ya saurare ni yana goge hannu da tsumma.

Ya ce, "Hamma, wannan ai yana cikin littafi. Har suna gare shi." Ya faɗi sunan da Faransanci. "Iska ce ke zamewa ta bakin fiffike tana murɗewa. In jirgin ya fi nauyi, ta fi ƙarfi. An koya mana, ka bi ta saman hanyar da babban ya bi, ka sauka gaba da inda ya taɓa ƙasa. In ba ka da tabbas, ka jira minti uku."

"To kana jira?"

"Ina jira mana."

"In ta kama ka fa?"

Ya miƙa tafin hannunsa ya kife shi. "Jirgi irin nawa, haka. Kusa da ƙasa kuma babu wurin gyara." Sai ya yi dariya. "Da carbi ka gano wannan? Kai, Hamma, da ka yi karatu da yanzu kai ne a hasumiya kana ba mu umarni."

Yabo yake nufi. Ni mari na ji. Na juya na koma ciyawata. Amma gaskiya ɗaya ce, bayan haka na sa masa ido, kuma yana yin yadda ya faɗa. In ya biyo babban jirgi yakan zo a sama, ya wuce baƙin tabon, sannan ya dira. Ba wawa ba ne. Da wawa ne da abin ya fi mini sauƙi.

Shekarar nan Baba ya tafi Makka. Dawowarsu ta faɗo ƙarshen kaka, ciyawa ta bushe.

Akwai abin da muke yi a unguwarmu, ban sani ba ko ana yi a wani wuri. In alhaji ya sauko daga jirgi, hannun farko da zai kama na ɗansa ne. Ɗan ya karɓi jaka, ya durƙusa, uban ya dafa kansa ya yi masa addu'a tun bai taka ƙofar gida ba, don ana cewa addu'ar wannan lokacin ba ta faɗuwa ƙasa. Wanda ya sauko bai ga ɗansa ba, sai wani maƙwabci ya karɓi jakar, mahauta za su shekara suna tauna maganar a kasuwa. Abu na biyu kuma, da jirgin alhazai ya tsaya jama'a ke ɓalle igiya su cika filin. Mata na guɗa, yara na gudu ƙarƙashin fiffike, babu mai iya tare su. Saboda haka akan rufe filin ga kowane jirgi har sai an kwashe mutane, awa ɗaya, wani lokaci biyu.

Ana gobe za su iso muna cin tuwon rana a tsakar gida, ƙanena ya ce kamfani ya aike shi Gidar da sassafe ya kai wani ƙarfen inji, amma zai dawo kafin jirgin alhazai.

Inna, mahaifiyarmu, ta ajiye ludayi. Ta ce, "Kai kuma fa?" Ni take nufi.

Na ce, "Ina bakin aiki. Ranar alhazai ba a barin kowa ya motsa daga wurinsa."

Ta ce, "Ɗaya a ciyawa, ɗaya a sama. Wato ubanku ya sauko maƙwabta su karɓi jakarsa, kamar wanda bai haifu ba?"

"Inna, na ce zan dawo," in ji ƙanena.

Da na yi shiru da shi ke nan. Ban yi ba. Na ce, "Ni ai ba a sa rai da ni, Inna. Wa zai so lebura ya tarbe shi a gaban jama'a? Komanda ake son gani da farar riga. In bai zo ba ma ba laifi, ai Turawansa sun fi uban mahauci."

Ya kalle ni. Kunnuwansa har rawa suke yi. Ya ce, "Kafin Baba ya sa ƙafa a matakala ina tsaye a ƙasa. Ka rubuta, in ka iya."

Na ce, "Na iya wannan."

Ya wanke hannu ya tashi, bai gama tuwon ba.

Washegari tun da na isa wurina jikina ya ƙi zama. Shekaranjiya na ƙone ciyawar gefen titi, wurin duk baƙi, sai 'yan kututture na ta fitar da siririn hayaƙi. Na zauna a kan dutse, na tashi. Na je bakin shinge, na dawo. Na kori balbelar da ba ta tare wa kowa hanya ba. Dogon buhun nan ja da fari da ake ratayawa don nuna iska ya saki jiki ya manne da sanda, sai can ba a rasa ba bakinsa ya ɗan ɗaga daga ɓangaren kogin Binuwai ya koma. Irin iskar nan ce da na fi tsana. Can nesa wajen ginin saukar fasinja jama'a sun yi baƙi ƙirin, ina jin ganguna sama-sama. Abokin aikina an kai shi ɗaya ƙarshen titin. Ni kaɗai ne.

An ce jirgin alhazai sai azahar. Hantsi bai gama dubawa ba na hango shi, ya riga lokacinsa. Na ce to, Komanda ya sha ƙasa. Ba zan ɓoye ba, wani daɗi ya ɗan taɓa ni. Daɗin bai kai maƙogwaro ba na ji ƙarar ƙaramin inji daga arewa. Na san ƙarar nan kamar tarin Inna.

Ya iso, amma babban na gabansa, dole ya ba shi hanya. Na ga ya yi zagaye ɗaya a gefen filin, matsattse, irin na mutumin da ke safa da marwa a ƙofar ɗaki. Babban ya sauko, cike da mutane da kaya da ruwan zamzam, a hankali, da nauyi, duk fikafikansa a buɗe. Ya wuce ta kaina, ƙasa ta girgiza, tayoyinsa suka bugi titi suka yi hayaƙi. Ubana na ciki. Na ciro carbi na fara ja ba tare da na sani ba.

Ban kai rabin zagayen farko ba ƙanena ya juyo ya daidaita hancinsa da titin.

Na ce a raina, to, zai zo a sama ya wuce tabon kamar kullum. Na zuba ido. Bai zo a sama ba. Ƙasa-ƙasa yake tahowa, ƙasa da hanyar da babban ya bi. Nan take na gane abin da ke kansa, kamar ni ne a kujerar. Hanya biyu ce ta fita daga titin. Ta farko tana kusa da inda nake, tana kai mutum kai tsaye rumfar ƙananan jirage, daga nan taku kaɗan ne zuwa inda ake kafa matakala. In ya sauka gaba da tabon ya wuce ta, sai ta biyu, can nesa, kafin ya zagayo jama'a sun ɓalle, an tsayar da shi. Yana so ya dira a farkon titi ya kama ta farko. Ya san littafin sarai. Maganata ce ke tuƙa jirgin, ba littafi ba.

Na kalli hayaƙin kututturen da ke bakin titi. Ya daina miƙewa. Ya lanƙwashe yana naɗewa, kuma ba ya tafiya ko'ina. Sai ga ƙarar yaga yadi a saman kaina.

Doka ta farko da aka koya mini ranar da aka ɗauke ni aiki ita ce, ƙafarka ba ta taɓa titin in jirgi na tahowa, ko uwarka ce ta faɗi a kai. Na san da ita. Na san kuma ranar akwai manya a filin, da jandarma ko'ina. Ban tsaya na auna ba, ba kuma jarumta ba ce, ƙafafuna ne suka tafi. Takalmi ɗaya ya fita. Na hau kan fararen layukan farkon titi, na tsaya a tsakiya, na ɗaga tutar da hannu biyu ina kaɗawa ina tsalle ina zaginsa. Zagi na gaske, wanda ban taɓa yi masa ba, har da uban da ya haife mu.

Yana ta matsowa. Na ce bai gan ni ba. Na ce ya gan ni, ya rantse sai ya bi ta kaina. Ina ganin farfelar kamar faifan azurfa. Sai injin ya yi kuka, hancin ya ɗaga, ya fasa sauka. Ya fara hawa. Ya kai tsayin rimi, ya ɗan ɗara, ya iso daidai kaina.

A nan ta kama shi. Fiffiken hagu ya faɗi kamar an sare shi. Jirgin ya tsaya a kan gefe, fiffike ɗaya na nuna ƙasa ɗaya na nuna sama, har na ga rufinsa, abin da mai tsaye a ƙasa bai kamata ya gani ba. Hancin ya fara sunkuyowa. Ya zame, ya zame, ya ci rabin tsayin da ya samu. Can sai ya yi wata girgiza, ya dawo daidai, ya ja ciki a saman toka, ya tashi. Da a ce yana inda ya nufa, dab da ƙasa, da fiffiken nan titi ya soka.

Na zauna a kan farin layin. Na waiga wajen ginin in ga ko wani ya gani. Wa zai gani? Duk idon Garwa na kan ƙofar babban jirgi. Abin da aka gani daga nesa shi ne lebura ya hau titi da tuta, ƙaramin jirgi ya fasa sauka.

Jandarma biyu suka zo da mota suka ɗauke ni. Ba na ƙullatarsu, aikinsu suka yi. Aka ajiye ni a wani ɗaki mai benci ɗaya. Ta taga ina jin guɗa da kabbara. Aka rufe filin kamar yadda aka saba. Ina jin injin ƙanena yana zagaye a sama, ya yi nisa ya dawo, ya yi nisa ya dawo, fiye da awa guda. Ni ma haka nake yi a ɗakin, bango zuwa bango, da takalmi ɗaya. Wani dillalin shanu maƙwabcinmu ne ya karɓi jakar Baba.

Sai bayan la'asar aka sake ni, aka ce gobe ƙarfe goma in zo wurin shef, wato mai kula da filin. Kafin in isa Rumde Ajiya labari ya riga ni. A bakin mahauta ya riga ya nuna, har an sa masa gishiri: wan ne ya tare ƙanen don kada ya samu addu'a.

Zaure cike yake, ana raba dabino. Baba na zaune a tsakiya da farin rawani, ya rame, ya yi haske. Ƙanena na bayansa, kansa a ƙasa. Na cire takalmin da ya rage, na durƙusa.

Na ce, "Baba, barka da sauka. Allah ya karɓi ibada."

Ya amsa amin. Na miƙa hannu biyu. Bai ba ni nasa ba.

Ya ce, "A gaban ɗakin Allah na ambaci sunanka. Na roƙa a cire maka abin da ke zuciyarka game da yaron nan. Ko gida ban iso ba ka nuna mini amsar."

"Baba, da ban tsaya a wurin ba..."

"Tashi. Akwai baƙi."

Na kalli ƙanena. Yana kallon tabarma.

Da safe ina wanke rigar aiki a bayan gida ya same ni. Bai sa farar rigarsa ba. Ya tsuguna nesa kaɗan, yana zane da tsinke a ƙasa.

"Hamma, me za ka ce wa shef?"

"Abin da na gani."

"Hasumiya ta gargaɗe ni. Mutumin ya ce in kula da iskar babban. Na ce na ji, na ɗauki nauyi. In ka ce na matso da yawa, na kuma yi ƙasa, za a rubuta. Kamfani zai karɓe jirgin. Takardar tuƙin ma ban sani ba."

Na matse rigar. Na ce, "Tambaya ɗaya zan yi maka, Komanda. Fiffiken ya faɗi ko bai faɗi ba?"

Ya ce, "Ya faɗi."

"Ƙara faɗa, kunnen lebura ne."

"Ya faɗi, Hamma. Na tura sandar tuƙi dama har ƙarshe, bai amsa ba. Na yi shahada." Ya jefar da tsinken da ke hannunsa. "Da ina ƙasa da yanzu ana zaman makoki a zauren nan."

"To tashi ka shiga ka gaya wa Baba."

"Ka san Baba. In na gaya masa, kafin azahar kasuwa ta ji. Kafin la'asar kamfani ya ji."

Gaskiya ya faɗa, shi ne abin haushin. Baba bai taɓa riƙe magana ta kwana ba, balle wadda zai yi alfahari ko kuka da ita.

Na ce, "Wato ni in zama mai hassada, kai ka zama matuƙi."

Ya ce, "Ka bar ni in samu lokaci. Zan gaya masa."

Na sa rigar da danshinta na tafi. A hanya na shirya maganar gaskiya tsaf, da Faransancina na aji huɗu. Na shirya yadda zan nuna naɗin iskar da hannu, yadda zan kawo zancen carbi. Shekara da shekaru ina jiran ranar da mai ofis zai tambaye ni me na sani. Ga ta ta zo.

Shef mutumin kudu ne, mai tabarau, ba mai hayaniya ba. Ya ba ni kujera, abin da ba a taɓa ba ni ba a ginin. Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya babu ƙorafi a kanka. Mutum irinka ba ya hawa titi haka kawai. In ka ga wani haɗari, faɗa mini, zan rubuta, aikinka na nan."

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Maraƙi na gani."

"Maraƙi."

"E. Ya hau titi."

"Wane launi?"

"Ja."

"Ina ya shiga?"

"Ciyawa."

Ya cire tabarau. Ya ce, "Ciyawar da ka ƙone?"

Ya kalle ni har na ji kujerar na cizona. Ya tambaye ni ko gaskiya ne matuƙin ƙaramin jirgin ɗan'uwana ne. Na ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ya gyaɗa kai, ya mayar da tabarau, ya ja takarda. Ya ce babu wanda ya ga maraƙi, kuma wanda ya hau titi ranar alhazai ba tare da dalili ba, shi ba shi da ikon riƙe shi. Na ce na sani. Na ajiye tutar a kan teburinsa. Aka ce in mayar da takalmi, na ce ɗaya na can bakin titi, mai so ya je ya ɗauko.

Baba ya yi shekara huɗu a duniya bayan wannan. Muna gaisawa, ina kai masa abin da ya samu, amma bai sake dafa kaina ba. Lokacin da ƙanena ya ce a bar shi ya samu, bai samu ba. Da ciwon ajali ya kwantar da Baba muna zaune mu biyu a gefensa, na zuba wa ƙanena ido kwana uku. Sau ɗaya ya buɗe baki, sai ya tambayi Baba ko a ƙara masa matashi.

Ƙanena yana da rai. 'Ya'yansa biyar, babbar ta kusa aure. Yana tuƙi har yau, ya bar kamfanin auduga tuntuni, yanzu manyan jirage yake ja. Duk Sallah yakan zo gidana ya cire takalmi ya durƙusa, ya ce Hamma an yi Sallah lafiya. In ce lafiya lau, Komanda. A kawo masa ruwa ya sha. Sai ya gyara zama, ya sake gyarawa, ni ma in rasa inda zan sa ƙafata, har ɗayanmu ya tuna akwai wanda zai je ya gaisar, ya tashi ya fita.